Ranar da Alhaji Bawa Ya Rufe Rijiyarsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Balkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uban da ɗiyarsa ta fid da shi kunya. Allah shi sa takardar ga ta iske ki lafiya, shi tsare ki a hanyar Sabon Birni, zuwa da dawowa, shi kau da idon mugu daga motar da za ki shiga. Innarki na gaishe ki, addu'arta ke nan ita ma.

Tun ranar da kinka nuna mani takardar ɗaukarki aiki, na ga an rubuta ke za ki riƙa tattara alƙaluman cututtuka kina yi wa jama'a bayaninsu, nake son mu zauna. To kin san halina. In na fara magana baki da baki, sai in bi ta Kamarawa in ɓulle Bafarawa ban kai inda za ni ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Ba lissafi za ni koya maki ba, kin fi ni nesa ba kusa ba. Na daɗe ina aikin duba-gari kafin a ɗora mani ƙidayar masu ciwo, kuma abin da na fi tarawa cikin shekarun nan kurakurai ne. Manyansu a ƙauye guda na tafka su, cikin damina guda. Su za ni ba ki.

Lokacin kina goye. Hanyoyi na lafiya, mutum ya hau babur daga Isa ya shiga daji ba abin da yake tsoro sai taɓo. Anka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya kwana biyu a jere, bayan mako guda amai da gudawa ya ɓarke a wani ƙauye da ke tsakanin Kamarawa da Bafarawa. Ba sai na faɗi sunansa ba, kin san shi. Ni anka tura.

Na shirya ƙwarai. Na sami babbar takarda na zana sanduna, kowace sanda ƙauye guda, tsawonta gwargwadon yawan masu ciwo. Ta ƙauyen ta fi kowace tsawo, na shafa mata jan launi. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na tsaya ƙofar mai gari, na buɗe takardata, na shiga kashi kaza cikin ɗari, kashi kaza cikin ɗari, har da kalmomin Turanci da na haddato wajen bita. Ina jin kaina, Balkisu. A raina cewa nake yau an ga ma'aikaci.

Da na kai aya, wani dattijo ya matso ya dubi takardar da kyau, ya sa yatsa kan jar sandar.

"Wagga ita ce tamu?"

Na ce ita ce.

"Madalla. Ashe mun fi su duka."

Sai na ji ana ta cewa alhamdu lillahi. Mutanen da duk rayuwarsu sun san karan geron da ya fi tsawo shi ne na gonar kirki, me zai sa su ga doguwar sanda su ɗauka musiba ce? Ban gama farfaɗowa ba wani ya ce su unguwarsu duka ba su kai mutum ɗari ba, don haka ba da su ake ba. Sannan wani magidanci da ɗansa ke kwance ya yi mani tambayar da har yau take mani yawo a ka: "Malam duba-gari, cikin ɗarin ga da kake faɗi, ɗana na ciki ko yana waje?"

Anka shafa fatiha anka watse, ba wanda ya canza ko ƙoƙon shan ruwa.

Na koma gida ina cewa jahilai ne. Wannan ita ce ƙaryar da ma'aikaci ya fi saurin yi wa kansa, ki kiyaye ta. Mutumin da zai dubi sama ya gaya maki ruwa zai sauko kafin la'asar, ya damƙi ƙasa ya gaya maki irin da za ta karɓa, ba jahili ba ne. In kin yi bayani ba a gane ba, ke ce ba ki gama aikinki ba. Kafin ki nuna wa taro kowane zane, ki nuna wa mutum guda da bai shiga aji ba, ki yi shiru, ki bar shi ya gaya maki abin da ya gani. Da na yi haka da innarki a tsakar gida, da ban je na yi wa mutane albishir da annoba ba.

Washegari na koma. Ina jingine babur wata tsohuwa ta tare ni. Gwaggo Tumba ake ce mata, ita ce unguwar zomar garin, ita ce kuma ke wanke mata in sun rasu. Gajeruwa ce, ba ta da haƙoran gaba, ba ta kuma tauna magana.

"Kai ne mai ƙirga?"

"Ni ne, Gwaggo."

"Jiya ina bayan danga ina jinka. Ƙirgenka bai cika ba."

Na ce ai daga littafin ɗakin shan magani na kwafo, ba kuskure.

"Kai ka ƙirga waɗanda anka ɗauko zuwa wurinku. Ni na ƙirga waɗanda na wanke."

Ashe matan aure da yawa na kwance cikin ɗakuna. Wasu kunya ce ta hana a faɗi, don ba kowane miji ke iya fita ya ce matarsa na gudawa ba. Wasu kuma sun ji ana cewa duk sunan da anka rubuta Sakkwato ake kai shi, ba su san abin da za a yi da shi can ba. Shekara nawa ina zuwa garin ina rubuta sunayensu in tafi, ban taɓa dawowa na ce ga abin da takardar ta haifar ba. Kuma duk maganar da na yi, maza na yi wa. Waɗanda ke cika randa, su dama fura, su wanke yaro, ko guda ba ta zauna wurin ba.

Ki riƙe wannan: alƙalumman da ke hannunki aro ne, daga gidajen mutane anka ɗebo su. Wanda kinka karɓa daga gare shi yana da haƙƙin ki dawo ki gaya masa abin da kinka gano. In ba ki dawo ba, baɗi ƙofa a rufe za ki iske ta. Ke mace ce, za ki shiga inda ni sai dai in tsaya zaure in yi sallama. Kada ki yi wasa da wannan baiwa. Kuma duk garin da kinka sauka, ki tambayi wace ce Gwaggo Tumbarsu. Kowane gari na da ita.

Kwana biyu muna bi gida gida, tana shiga ina jira. Muna koya masu haɗa ruwan gishiri da sukari, muna tura masu jin jiki ɗakin shan magani, ina kuma sa ta tambayi kowane gida inda suke ɗiban ruwa. Rijiya uku ce a garin: ta masallaci, ta bakin fadama, da ta tsakiyar gari wadda ake kira rijiyar Alhaji Bawa. Da na zauna na jera amsoshin, sai ga abu a fili. Mafi yawan gidajen da ciwo ya shiga, ta tsakiya suke sha.

Alhaji Bawa falke ne, yana kai gero da wake ƙetaren iyaka ya dawo da kaya. Rijiyar nan sadaka ya gina ta don mahaifiyarsa da ta rasu, ruwanta ya fi na sauran daɗi, garin duka na sa masa albarka a kanta. Na san wannan sarai. Amma zumuɗin na gano abu ya rufe mani ido. Na tafi ƙofar mai gari, mutane cike, Alhaji Bawa na zaune a gaba, na ɗaga murya na ce, "Na gano mai kashe ku. Rijiyar Alhaji Bawa ce."

Alhaji ya miƙe a hankali, ya kaɗe rigarsa.

"Mi kac ce, yaro? Sadakar uwata ce ke kashe mutane?"

Bai jira amsa ba. Ya nufi rijiyar, jama'a na biye, ya zura guga da hannunsa, ya jawo, ya kafa kai ya sha har ruwa na bin gemunsa. Ya ce, "In guba ce, ni za ni fara mutuwa." Maza sunka yi ta karɓar gugar suna sha don su nuna suna tare da shi. Ina tsaye da takardata kamar an dasa ni. Alhaji ko ciwon kai bai yi ba, abin da ya ƙara tabbatar wa mutane cewa ƙarya nake. Waɗanda da sun fara kauce wa rijiyar ma sunka dawo mata.

Bayan kwana huɗu Hajo ta rasu, ɗiyar maƙwabcin Alhaji, shekararta shida. Na bi jana'izar daga can baya. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya dube ni. Da sun zage ni da ya fi mani sauƙi.

Abin da na faɗa gaskiya ne, Balkisu, amma yadda na faɗe ta ya sa dole mutane su zaɓa tsakanin lissafina da mutuncin mai kyautata masu. Ba garin da zai zaɓi takardar baƙo. In ƙididdigarki ta nuna gidan wani, ko unguwar wasu, ko wata ƙabila, ki fara zuwa wurinsu a keɓe kafin kunnen taro ya ji. Wanda kinka tozarta a bainar jama'a ba ya da sauran hanyar yarda da ke, ko da ya gane ke ce da gaskiya.

Bayan an dawo maƙabarta Gwaggo Tumba ta same ni gindin itacen bedi ina shirin tayar da babur.

"Ina za ka?"

"Isa. A turo wani."

"Wani zai zo shi fara daga farko, mu kuma muna binnewa. Tafi ka ba Alhaji haƙuri."

"Gwaggo, ai ni ke da gaskiya."

"Gaskiyar taka ta hana a binne Hajo?"

Na kafe babur. Na je zauren Alhaji, ya nuna mani tabarma na ƙi, na zauna ƙasa. Na ce na yi rashin ladabi, na ambaci sadakar mahaifiyarsa da bakin da bai dace ba, na roƙe shi ya yafe mani. Sannan na ce ban zo in ce ya rufe rijiya ba. Na zo roƙonsa ya yi mana alƙalanci, tunda duk garin ba wanda ya kai shi sanin awo. In awo ya wanke rijiyar, za ni tsaya inda na tsaya rannan in ƙaryata kaina.

Ya ce, "Wagga magana ce. Gobe da hantsi."

Dabarar ba tawa ba ce, ta Gwaggo ce. Ta kawo ƙwarya uku, kowace a madadin rijiya guda, da mudun jar dawa. Duk gidan da ciwo ya shiga, a jefa ƙwaya guda cikin ƙwaryar rijiyar da suke sha. Ba suna, ba rubutu. Ta fara da mata a cikin gidan mai gari, kowace ta jefa tata, sannan anka fito da ƙoren ƙofar gida anka ajiye kan tabarma, mazan da ba a jefa masu ba sunka cika. Kowa ya leƙa ya gani. Ƙwaryar tsakiya ta fi sauran nesa.

Na ɗauka an gama. Alhaji ya girgiza kai.

"A'a. Wanga awo bai yi ba. Rijiyata ta fi kowace yawan masu ɗiba. Kasuwar da ta fi cika ita ta fi ɓarayi, ba don ƙasarta ta fi mugunta ba. Ina gidajen da ke sha ba su kwanta ba?"

Wallahi sai da na ji kamar in rungume shi. Abin da na yi ta fama in faɗa da kashi cikin ɗari, shi ne falke ya tambaya da bakinsa. Shi da kansa ya aika anka ɗebo farar dawa daga gidansa. Ya ce duk gidan da ke lafiya ya jefa fara guda cikin ƙwaryar rijiyarsa. Gwaggo ta koma ciki da ƙoren, ta fito, maza sunka ƙarasa. Sannan Alhaji ya durƙusa, ya cuɗa kowace ƙwarya da yatsu, ya ɗibo a tafin hannu kamar yadda yake duba hatsi kafin ya saya.

Ta masallaci fara ce tas, sai ja jefi-jefi. Ta bakin fadama haka. Ya ɗibo tasa ya buɗe hannu. Ja da fara sun kusa yin kunnen doki. Ya zubar ya sake ɗiba, ya sake, har sau uku. Mutane sun yi da'ira suna kallo.

"In anka kawo mani buhu haka a kasuwa," ya ce, "ba ni saye." Ya ɗago ya dube ni. "Wanga shi ne kashi cikin ɗarin da kake ta faɗi?"

"Shi ne, Alhaji."

"To mi ya hana ka faɗi hakanan tun farko?"

Bai tsaya jin ta bakina ba, ya miƙe sai rijiya. Wannan karon zagaya ta ya yi yana duba gindinta. Ta gefen gabas munka iske simintin ya tsage, ga kuma hanyar da ruwan sama ya bi, ta taso daga wani masai da ya rufta bayan gidaje. Alhaji ya tsaya yana kallo, hawaye na zubo masa. Ya ce uwarsa ba ta taɓa ba baƙo ruwa mai datti ba tana raye, ba za a fara da sunanta ba tana kabari. Ya sa anka ciro ƙyauren shagonsa, ya ɗora bisa bakin rijiyar da hannunsa, ya aza dutse. Ya ba da amalankensa a riƙa jigilar ruwa daga rijiyar masallaci. Mutanen da sunka sha guga don su kare shi, su ne sunka ɗauko duwatsu suna ƙarawa.

Ki lura, ɗiyata, tambayar da ta fi tsauri ita ta ceci garin. In wani ya ƙalubalanci alƙalummanki, kada ki ɗaure fuska. Shi ne ke saurarenki da gaske. Wanda ya ce "to, madalla" ya tashi, shi ne abin tsoro. Kuma abin da mutum ya ƙirga da hannunsa ba ya musun sa. Manomi na da awonsa, falke na da nasa, mai daka na da nata. Ki ari nasu, kada ki tilasta masu naki.

Kina tsammanin na yi hankali daga nan? Murna ta ɗebe ni, na ɗaga hannu na ce, "Daga yau ba wanda zai sake kwantawa!" Anka yi kabbara. Alhali na sani sarai ciwon kan yi kwanaki kaɗan a jiki kafin ya bayyana, ga kuma randunan da anka riga anka cika. Kwana biyu sai ga mutum biyu sun kwanta. Gunaguni ya tashi: an rufe rijiya a banza, an wahalar da mata a banza. Alhaji ya zo ya same ni, ransa a ɓace.

"Na sa ƙyaurena bisa maganarka. Ka ce ba wanda zai kwanta."

Wannan karon ban nemi babur ba. Na sa anka tara mutane na ce, "Na faɗi abin da ya fi sanina. Ga abin da na sani: ciwon zai ragu in munka riƙe. Ga abin da ban sani ba: ranar da zai ƙare. Wasu za su ƙara kwantawa cikin waɗanda sunka sha kafin a rufe. Kada ku yarda da bakina, mu ƙirga tare." Anka zubar da tsohon ruwan randuna anka wanke su. Munka jera ƙoƙuna a zauren mai gari, kowace safiya ƙoƙo guda, Gwaggo ta zo ta jefa jar dawa gwargwadon waɗanda sunka kwanta jiya. Mai wucewa gona sai ya leƙa, mai dawowa ya leƙa. Sunka ga ƙwayoyin na raguwa da idonsu. Rannan ta zo ta ajiye ƙoƙo ba ta jefa komi ba. Washegari haka. Da ƙoƙo na bakwai a jere ya zauna wayam, sai munka ji guɗa ta tashi daga cikin gidan mai gari, wani gida ya karɓa, wani ya karɓa, har ƙarshen gari. Ina zaune cikin manya, na sunkuyar da kai don kada a ga idona.

Kada tsoron a ce ba ki sani ba ya sa ki yi alkawarin da lissafi bai yi ba. Mutanenmu manoma ne, sun saba da "wataƙila", kowace shuka a kanta suke yi. Abin da ba su yafewa shi ne a ce masu tabbas, ya zama ba haka ba.

Anka cike masan da ya rufta, anka yashe rijiyar, anka gyara bakinta, munka zuba maganin tsabtace ruwa, munka jira har na tabbata. Ranar buɗewa Alhaji ya jawo gugar farko, bai sha ba, ya miƙa wa Gwaggo Tumba. Daminar da ta biyo baya, tun ina Isa ban san komi ba, sai ga saƙo daga mai gari: gida biyu sun fara, sun riga sun jera ƙoƙuna, in zo. Munka tare abin tun bai yi ƙafa ba, ba a binne kowa ba. Da baƙon dauro ya shigo, da dawa sunka ƙirga yaran da anka yi wa allura da waɗanda ba a yi wa ba, iyaye sunka kawo sauran da kansu. Alhaji kuwa duk kasuwar da ya sauka sai ya ba da labari, har mutane daga ƙetaren iyaka sunka zo ganin yadda ake yi. A bakinsa shi ya gano komi. Ban taɓa gyara masa ba, kuma ke ma in irin haka ta same ki, ki bari. Maganar da mutane sunka mayar tasu ita ke daɗewa.

Zamaninki ya fi nawa wuya ta wani gefen. Ni in na yi kuskure ƙofar mai gari yake tsayawa. Ke in kinka yi saƙon murya a waya, kafin azahar ya kai garuruwan da ba ki taɓa takawa ba, kuma ba kya nan balle ki gyara. Ki yi shi gajere, ki faɗi abu guda da za a aikata yau, ki saurare shi da kunnen wadda ke daka tana goye da yaro. A Sabon Birni za ki iske mutanen Gatawa da na wasu garuruwan da tashin hankali ya raba da gidajensu. An ƙirga su har sun gaji. Kafin ki fiddo takarda ki gaishe su, ki yi masu jaje, ki gaya masu abin da za ki yi da amsarsu, ki kuma cika. In na sama da ke sunka so ki rage adadi don rahoto ya yi kyau, ko ki ƙara don a kawo kaya, ki ƙi cikin ladabi. Kada ki bi hanyar da mutanen gari sunka ce kada a bi, komi gaggawar aiki.

Ina alfahari da ke, ban iya faɗi da baki ba shi ya sa na rubuta. Ni sai da anka binne yarinya 'yar shekara shida na koyi yi wa mutane magana. Ke ga shi kin samu a takarda, ba a binne kowa ba. Ki fara daga inda na tsaya.

Allah shi yi maki albarka. Shi sa bakinki ya zama sanadin tsirar ɗiyan mutane, shi ba ki masu gaya maki gaskiya, shi tsare gabanki da bayanki, shi kwantar da ƙasarmu, shi maido kowa gidansa. Na bar ki hannun Wanda ajiyarsa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifinki,
Garba Duba-gari